Bita a Otal, Kwas a Waya, ko Zama Kusa da Gwani: A Ina Ma'aikaci Yake Koyon Aiki?

Tun da ma'aikatu da kamfanoni suka fara fitar da sanarwar cewa horon bana ta intanet za a yi shi, gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a ofisoshin Sakkwato. Wasu sun ce dabara ce kawai ta toshe ɗan alawus ɗin da ma'aikaci ke samu idan an tura shi bita Kaduna ko Abuja. Wasu kuma, yawanci matasa, gani suke zamanin zama a ɗakin taro ana kallon majigi ya wuce, tunda a cewarsu duk abin da mutum ke nema yana cikin wayarsa. Dattawan ofis kuwa sai su saurari kowane ɓangare su yi murmushi, domin su dai sun san ba a otal suka iya aiki ba, ba kuma a waya ba.

To a ina ma'aikaci yake koyon aikinsa? Kuma wannan ƙaura da horo ke yi daga ɗakin taro zuwa tafin hannu, wa za ta ɗaga, wa za ta bari a baya?

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Rabin gardamar daga rashin rarrabe kalmomi take tasowa.

Akwai horo na tsari. Shi ne wanda ma'aikata ke shiryawa da kanta: da jadawali, da mai koyarwa, da ranar buɗewa da ta rufewa, a ƙarshe a miƙa takardar shaida. Bita, kwas, taron ƙara wa juna sani, hutun ƙaro karatu, duk a nan suke.

Akwai kuma koyo bisa aiki, wanda babu wanda ya zauna ya tsara shi. Sabon akawu ya rubuta bayani a fayil, na gaba da shi ya ja masa jan biro ya ce sake. Sabuwar ma'aikaciyar jinya ta tsaya bayan wadda ta shekara 20 a ɗakin yara tana kallon yadda take lalubo jijiya a hannun jariri. Ko hirar da ake yi a gindin dogon yaro bayan sallar azahar, inda wani ke ba da labarin yadda ya gano kuskuren da ya hana lissafin albashi daidaita. Ba a rubuta sunan kowa, ba a ba kowa ko sisi, amma a nan hannu ke faɗawa.

Na uku shi ne koyo ta na'ura, wato ta kwamfuta ko waya. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukarsa kamar kishiyar biyun farko, alhali shi mazubi ne kawai. Malamin da ya shiga kwas ɗin da hukuma ta tsara a shafin intanet, ya yi jarrabawa aka ba shi satifiket, horo na tsari ya yi, ko da kuwa yana kishingiɗe a tsakar gidansa a Mabera. Mai haɗa sola da ya tura hoton inbata ga abokan sana'arsa a WhatsApp ya ce wa ya taɓa ganin irin wannan, koyo bisa aiki yake yi. Saboda haka mai tambayar ko intanet ta fi bita, kamar mai tambaya ne ko kwano ya fi tuwo.

Lissafin 70, 20, 10 da abin da ba a faɗa a kansa

Duk wanda ya taɓa zama a bitar sha'anin ma'aikata ya ga wannan lissafi a allo. Wai kashi 70 cikin 100 na ƙwarewar mutum daga aikin kansa take zuwa, kashi 20 daga hulɗa da mutane, kashi 10 kacal daga aji. Ana karanta shi kamar nassi.

Asalinsa daga wata cibiyar nazarin shugabanci ce da ke Greensboro a Amurka, inda Morgan McCall da Michael Lombardo da Robert Eichinger suka yi aiki. A shekarun 1980 aka tambayi manyan manajoji kusan 200 da suka yi nasara su tuna abubuwan da suka gina su. Wato ba awo aka yi ba, tuna baya aka yi, kuma manajojin manyan kamfanonin Amurka aka tambaya, ba malamin firamare a Tangaza ko mai awon jini a Gwadabawa ba. Masu bincike da dama sun daɗe suna cewa waɗannan lambobi masu kyan gani ba su da hujjar da ta kai yadda ake tallata su.

Amma ƙashin bayan maganar gaskiya ne, kuma kowane ma'aikaci zai iya gwada shi a kansa: lissafa abubuwa goma da ka fi iyawa a aikinka, ka ga guda nawa ka koya a zaune a aji. Inda haɗarin yake shi ne shugaban da zai riƙe wannan lissafi ya ce tunda aji kashi 10 ne, a yanke kuɗin horo, aiki zai koya musu. Aiki ba ya koyarwa haka kawai. Wanda ya shekara 15 yana buga hatimi ɗaya a takarda iri ɗaya, shekaru ya tara, ba gogewa ba. Sai an ba mutum abin da ya ɗan fi ƙarfinsa, kuma akwai wanda zai duba ya ce masa nan ka yi daidai, nan ka kauce.

Abin da shagon tela ya riga jami'a sani

A shekarun 1970 wata Ba'amurkiya mai nazarin al'adu, Jean Lave, ta zauna da teloli 'yan ƙabilun Vai da Gola a Monrovia ta ƙasar Laberiya. Abin da ta lura da shi, duk wanda ya taɓa kai ɗansa koyon ɗinki a Tsohuwar Kasuwa ya san shi. Yaro ba ya fara da yanka. Da guga yake farawa, da sa maɓalli, da kalmasa. Wato daga ƙarshen aiki yake somawa, inda riga ta riga ta zama riga, yana juya ta a hannu yana ganin yadda aka haɗa ta. Daga nan a ba shi keke. Almakashi shi ne na ƙarshe, domin a nan ne kuskure ke cinye yadin mutane. A 1991 ita da Etienne Wenger suka gina nazari sukutum a kan irin wannan, cewa mutum yana koyon sana'a ne ta hanyar shiga cikin masu yin ta, daga gefe yana matsawa tsakiya. Yau manyan kamfanoni na biyan ƙwararru kuɗi mai kauri don su kafa musu abin da maigidan tela ke yi ba tare da ya sa masa suna ba.

Haka ma kamfanin Xerox mai na'urorin kwafe takardu. A shekarun 1980 wani mai bincikensu, Julian Orr, ya bi masu gyaran na'urorin, ya tarar littafin umarnin da kamfani ya ba su ba ya warware matsalolin da suka fi wuya. A wurin karin kumallo da cin abincin rana suke warware su, kowa na ba da labarin injin da ya taɓa wahalar da shi. Daga baya kamfanin ya kafa rumbun da masu gyara ke zuba dabarunsu, kowace dabara da sunan wanda ya kawo ta. Wannan sunan ya ja su fiye da yadda aka zata, domin gwani yana son a san shi gwani ne a cikin 'yan'uwansa.

Na ga irin wannan da idona a wani gareji a Buzaye, ranar da fitilar gargaɗin inji ta kama a motata. Yaron shagon, wanda bai wuce shekara 19 ba, ya jona wata 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, lambar matsala ta fito a wayarsa. Ya kwafe ta ya zuba a YouTube. Ga wani bakanike can a Fakistan ko Indiya yana bayani da harshen da babu mai ji a garejin, amma hannunsa ake kallo. Yaron ya ɗago da murna.

"Maigida, sansa ce ta mutu, sai an sayo sabuwa."

Maigidan yana zaune a kan tsohuwar taya, bai ko tashi ba. "Aje wagga waya, tada ta in ji."

Aka tada. Ya saurara kamar minti ɗaya, ya miƙe, ya zura hannu bayan inji, ya jawo wata waya da zafi ya cinye wa roba har ta fara taɓa ƙarfe.

"Na'ura ta hwaɗa maka inda ciwo ya ke," in ji shi, "ba ta hwaɗa maka abin da yak kawo shi ba."

Salatif ɗin naira ɗari biyu ya gama aikin. Sai dai a faɗi gaskiya duka: ba don na'urar yaron ba, da maigidan bai san ɓangaren da zai dosa ba, domin shi a zamanin kafireto ya tashi, motocin injekta masu ƙwaƙwalwa kuwa ba sa faɗin ciwonsu ga kunne kaɗai. Kowannensu ya riƙe rabin amsar.

Yadda bita ta koma hanyar cefane

Najeriya ba ta rasa hukumomin horo ba. A 1971 aka kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, mai hedikwata a Jos. Dokarsa ta wajabta wa kamfanonin da suka kai wani girma su biya kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a shekara, kuma za su iya karɓo har rabinsa idan sun nuna sun horar da ma'aikatansu yadda aka amince. Shi ne ya ƙirƙiro shirin SIWES a 1973, wanda ke tura ɗalibai sanin makamar aiki. A 1973 ɗin aka kafa kwalejin horar da ma'aikatan mulki ta ASCON da ke Topo a Badagry, tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga nan. A 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, wadda dubban malamanmu suka yi karatu daga nesa ta hannunta, da littattafai da haɗuwar ƙarshen mako, tun kafin kowa ya ji kalmar intanet.

Gini dai an yi. Abin da ya lalace shi ne dalilin zuwa.

Na taɓa halartar wata bitar kwana 3 a wani otal, a kan wata manhajar adana bayanai. Ranar farko an ɓata rabin yini ana jiran babban baƙo. Ranar biyu bayan an ci abinci kujeru suka yi fili, wasu sun tafi kasuwa sayen tsaraba. Ranar uku ɗakin ya cika maƙil, har da fuskokin da ban taɓa gani ba, saboda ranar ce ake sa hannu a karɓi ambulan. Aka raba mana takarda mu faɗi yadda muka ga bitar, kowa ya rubuta ta yi kyau ƙwarai, wasu suka ƙara da cewa naman ya yi kaɗan. Da muka koma ofis, kwamfutar da za a sa wa manhajar ba ta iso ba sai bayan wata 7. A lokacin ko sunan maɓallin farko ban iya tunawa.

Wannan mantuwa ba lalaci ba ce. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada a kansa ya nuna cewa abin da aka haddace ba a maimaita ba yana zubewa da sauri, mafi yawansa a kwanakin farko. Almajirin da ke tilawa da asuba ya san haka ba tare da ya ji sunan Bajamushen ba. Ita kuwa takardar "ta yi kyau ƙwarai", a ma'aunin da Donald Kirkpatrick ya fitar a 1959, mataki na farko ce kawai cikin 4: ko mahalarta sun ji daɗi. Saura ko sun koyi wani abu, ko aikinsu ya canja da suka koma, ko ma'aikatar ta ga amfani. Mu galibi a na farkon muke sauka.

Kada kuma a yi saurin zagin ma'aikaci. Mafi ƙarancin albashi a doka tun 2024 naira 70,000 ne, kowa kuma ya san abin da buhun shinkafa ke yi wa wannan kuɗi. A irin wannan hali alawus ɗin kwana 3 kuɗin makarantar yaro ne. Shi ya sa jerin sunayen masu zuwa bita ya zama abin kamun ƙafa, shi ya sa kuma sau da yawa wanda ke yin aikin yana ofis, wanda ke kusa da mai rubuta sunaye yana otal.

Abin da ya tura horo cikin waya

Fasahar ta daɗe. Manhajar Moodle, wadda jami'o'i da yawa ke ɗora darussa a kanta, tun 2002 ta fito. A shekarar ce kuma aka farfaɗo da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN. Manyan dandamalin kwasa-kwasai na intanet, Coursera da edX, sun buɗe a 2012. Amma duk wannan bai taɓa ofisoshinmu sosai ba sai da korona ta zo a 2020, aka rufe makarantu, aka hana taro, har majalisar zartarwa ta tarayya ta koma zama ta bidiyo. Daraktan da a da sakatarensa ke buɗe masa imel, dole ta sa ya koyi kashe makirfo a Zoom.

Bayan korona sai aljihu ya karɓa. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya ninka kuɗin mota, otal ma ya bi sahu. Ga kuma hanya: duk wanda zai bi ta Gusau zuwa Funtuwa don bitar kwana 2, sai iyalinsa sun yi ta addu'a har ya sauka. Ma'aikatar da a da ke tura mutum 5, yanzu da kuɗin za ta iya haɗa mutum 200 a bidiyo.

Hukumomin sana'o'i ma sun taimaka. Likita da ma'aikacin jinya da mai haɗa magunguna ba sa sabunta lasisi sai sun nuna shaidar ƙarin ilimi, kuma da yawan waɗannan darussa yanzu ana iya yin su daga nesa. Gwamnatin tarayya kuma a ƙarshen 2023 ta ƙaddamar da shirin 3MTT a ƙarƙashin ministan sadarwa Bosun Tijani, da burin horar da mutum miliyan 3 a fannonin fasahar zamani, aka fara da rukunin mutum 30,000. A bayan duk wannan akwai fargabar da ake ta yaɗawa cewa ƙwarewa na tsufa da wuri. Rahoton Dandalin Tattalin Arzikin Duniya na 2025 ya ce masu ɗaukar aiki na hasashen kashi 39 cikin 100 na ƙwarewar da ake buƙata za ta sauya kafin 2030. Hasashe ne, kuma na manyan kamfanoni, amma alƙiblar a bayyane take.

Ni dai a ganina horon fasaha mafi girma da aka taɓa yi a Sakkwato babu wanda ya shirya shi. Farkon 2023 ne, lokacin ƙarancin takardun naira. Cikin 'yan makonni mai nama da mai albasa da mai shayi suka iya tiransifa, suka iya duba alat, suka iya gane na bogi. 'Ya'yansu da maƙwabtansu a kasuwa suka koya musu, a tsaye, ciniki na jira. Babu majigi, babu ambulan. Buƙata ce ta matso, kuma malamin yana kusa.

Inda gizo ke saƙar

Shiga kwas a intanet abu ne mai sauƙi, gama shi ne aiki. A 2019 wasu masu bincike biyu na jami'ar MIT suka duba bayanan darussan MIT da Harvard a dandalin edX, suka ga a zangon 2017 zuwa 2018 waɗanda suka kammala ba su kai kashi 4 cikin 100 na waɗanda suka shiga ba. Sun kuma ga mafi yawan masu amfana daga ƙasashe masu arziki suke. Wato abin da aka ce zai cike giɓi, waɗanda suka riga suka ƙoshi ne suka fi ci.

A nan gida kuwa akwai abin da ba a cika faɗa ba. Idan aka mayar da bita intanet, kuɗin horo ba ɓacewa yake yi ba, komawa yake kan ma'aikaci. Shi zai sayi data, wadda ta ƙara tsada bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Shi zai nemi inda zai yi caji idan ba wuta. Shi zai ba da lokacinsa, domin ba a rage masa aikin ofis, sai dai ya saurara da kunne ɗaya yana sallamar jama'a, ko ya bari sai dare bayan yara sun yi barci. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, waya na yin awa ɗaya a bidiyo sai ta yi zafi ta ɗauke. Da ana ba shi ambulan, yanzu shi ke fitarwa. Wanda ya ƙi murna da wannan ba ƙin ci gaba yake yi ba, lissafi ya iya.

Sai sabis. A Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda matsalar tsaro. Ko ba a rufe ba, malamin da ke ƙauye a gabashin jihar ya san tudun da yake hawa kafin saƙo ya shiga. Shi ne kuma ya fi kowa buƙatar horon.

Sai harshe, wanda a ganina ya fi duk sauran nauyi. Kusan duk kwasa-kwasan da Turanci suke, Turancin ma na mai saurin baki. Ma'aikacin lafiya na matakin farko zai iya cin jarrabawar zaɓi ɗaya cikin huɗu ta hanyar canka, ya sami satifiket, bai fahimci rabin abin ba. Shi ya sa koyon da ya fi tasiri a wayoyin mutanenmu ba a manyan dandamali yake ba. Yana cikin saƙon murya na minti 3 da Hausa, wanda wata babbar ungozoma ta tura wa zauren WhatsApp na ƙannenta a aiki, ana saurare ana maimaitawa, mai tambaya ta yi tambaya ba kunya. Illarsa ita ce babu mai tacewa. Kuskure ma da murya mai daɗi yake yawo.

Duk da haka akwai waɗanda wannan sauyi ya buɗe wa ƙofar da ta daɗe a rufe. Matar aure mai goyo, wadda ba za ta iya barin gida ta yi mako 2 a Badagry ba, ko maigidanta ba zai amince ba, shekara da shekaru tana kallo ana tsallake ta a ƙarin girma saboda ba ta da takardun kwas. Yanzu tana iya yi daga ɗakinta. Haka ƙaramin ma'aikacin da ba shi da kowa a sama, wanda sunansa bai taɓa shiga jerin masu tafiya ba.

Darasin da ke cikin gidanmu: jaji da 'yan taru

Matsalar isar da ilimi ga wanda ba zai iya zuwa aji ba, an taɓa warware ta a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta fuskanci matan karkara da aure da raino suka ɗaure a gida. Sai ta tsara darussa cikin waƙa, da Hausa da Fulfulde, gajeru masu saurin haddacewa. Ta naɗa jajoji, dattawan mata amintattu, ta ba kowace malfa da jan ƙyalle alamar izini. Jaji ta taho da ayarin tsofaffi da 'yan mata, waɗanda ake kira 'yan taru, su karɓi karatu, su koma ƙauye su isar wa waɗanda ba su iya fitowa ba.

A dubi abin da ke cikin wannan tsari. Darasi gajere, cikin harshen mai koyo, a sigar da za a iya maimaitawa ana daka ko ana kaɗi. Masu sayar da manhajojin horo yau suna tallar gajerun darussa na minti 5 kamar sabon abu. Amma abin da ya riƙe tsarin shi ne ita jajin: mutum ce da aka sani, ana jin nauyinta, tana zaune cikin waɗanda take koya wa, za ta ji idan an karanta ba daidai ba ta gyara. Yawancin shirye-shiryen horo ta intanet da ke rushewa, waƙar suke turawa ba jaji. A tura wa malamai 500 mahaɗin bidiyo, a ce kowa ya kalla, a jira sakamako. Inda abin ke aiki, za ka tarar akwai wani a makarantar ko asibitin da aka ɗora wa nauyin tara mutane, a kalla tare, a tattauna da Hausa, gobe a gwada a aji ko a ɗakin marasa lafiya yana kallo.

Wa zai ci, wa zai yi asara

Matashi mai Turanci da waya mai kyau, a cikin birni, shi ne ya fi kowa samu. Sai dai satifiket ɗin intanet ya yi yawa har ya fara araha, kuma masu ɗaukar aiki a kamfanoni sun fara cewa nuna mana abin da ka yi. A aikin gwamnati kuwa har yanzu takarda ce sarauniya, shi ya sa za ka ga an bar bidiyo na tafiya a waya a cikin aljihu, don dai na'ura ta rubuta an kammala.

Masu sana'ar hannu nasu ciwon daban ne: ga iyawa, ba takarda. Maigidan garejin nan ba zai iya neman kwangilar gyaran motocin wata ma'aikata ba, ko da ya fi mai kwangilar sanin inji. Akwai gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago tun da daɗewa, kuma hukumar ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna tana da tsarin da ke auna ƙwarewar da mutum ya samu a bakin aiki ya ba shi shaida a kanta. Wannan ita ce gadar da ta dace tsakanin koyo bisa aiki da takarda, sai dai ka zaga garejin gari ka tambaya, kaɗan ne suka taɓa jin labarinta.

Ga kuma ƙirƙirarriyar basira, tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022. Ƙaramin jami'i yanzu yana fitar da wasiƙa cikin minti ɗaya, Turancinta ya fi na darakta. Abin da ke damuna shi ne, rubuta wasiƙa da taƙaita rahoto da jera lissafi su ne guga da sa maɓalli na aikin ofis. Ta nan sabon shiga ke juya riga a hannunsa. Idan na'ura ta ɗauke waɗannan, ta ina zai bi ya kai ga almakashi? Kuma na'urar takan yi kuskure da cikakken ƙarfin hali, ta kawo sashen dokar da babu shi, wanda ba mai ganewa sai wanda ya daɗe a aikin.

Waɗannan da suka daɗe kuwa tafiya suke. Ƙa'idar ritaya a aikin gwamnati shekara 60 da haihuwa ce ko 35 a bakin aiki. A ofishin da na fara aiki akwai wani dattijo a sashen rajista, Baba kowa ke ce masa. Shi ya koya mana yadda ake bibiyar fayil, da wanda ake fara gaisarwa kafin a nemi sa hannu, da irin kalmar da ba a rubuta wa na sama ko da kai ke da gaskiya. Idan ka kawo masa takarda ya duba sai ya ce, "Ɗana, wanga ba haka a kan yi shi ba, jawo kujera." A duk takardun auna ƙwazon da aka cika masa, babu layin da ya tambayi mutum nawa ya koya wa aiki, kuma ban san ya taɓa zuwa bita ko sau ɗaya ba.

Da zai yi ritaya aka ce ya rubuta takardar miƙa aiki. Na gan ta. Shafi biyu ce: jerin fayiloli, adadin kujeru da kabad, da makullai guda 6.